Ramuwar barci a ƙarshen mako: tana kare zuciya ne, ko yaudarar kai ce?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ke ta yawo, wai wanda ya rama barcinsa ranakun Asabar da Lahadi ya rage wa kansa haɗarin ciwon zuciya da kusan kashi ɗaya bisa biyar. Tushenta wani bincike ne da aka gabatar a taron ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai a Landan a 2024. Masu binciken daga asibitin Fuwai na Beijin suke, amma bayanan da suka yi aiki da su na mutanen Birtaniya ne, daga rumbun bayanan lafiya na UK Biobank. Mutum 90,903 aka duba, kowa an ɗaura masa na'urar auna motsi a wuyan hannu. Aka kasa su gida huɗu gwargwadon ƙarin barcin da suke yi a ranakun hutu. Rukunin sama su ne masu ƙarin awa ɗaya da kusan minti 17 zuwa sama, rukunin ƙasa kuwa barcinsu na hutu ma bai kai na ranakun aiki ba. Bayan bibiya ta kusan shekara 14, sai aka ga 'yan rukunin sama sun fi tsira da kashi 19 cikin 100 daga toshewar jijiyoyin zuciya, gazawar zuciya, rikicewar bugunta da shanyewar ɓarin jiki. Cikin waɗanda suka ce ba sa samun awa bakwai a dare, ragin ya kai kashi 20. Tambayata: wannan ya isa a ce wa mai ƙarancin barci ya je ya rama kawai?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, kafin a kai ga shawara sai an tsaya an ga yadda aka samo lambar. Na'urar nan kwana bakwai kacal aka ɗaura ta, tsakanin 2013 da 2015. Asabar ɗaya da Lahadi ɗaya ke nan. Da su aka yanke wa mutum hukuncin cewa shi mai ramuwa ne ko ba mai ramuwa ba, na tsawon shekaru. Wanda makon ya zo masa da mura ko tafiya ya faɗa rukunin da ba nasa ba.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne su wane ne mutanen. An ɗebi 'yan UK Biobank ne suna tsakanin shekara 40 da 69, daga 2006 zuwa 2010. Lokacin da aka zo ɗaura na'urar da yawansu sun haura 60, sun yi ritaya. Wanda ya yi ritaya ina ruwansa da bambancin Talata da Lahadi? Babu ƙararrawar da ke tashinsa, don haka ba za a ga ramuwa a barcinsa ba. Mai ramuwa galibi shi ne wanda har yanzu yake fita aiki, wato ya fi ƙuruciya, kuma yana da lafiyar da za ta bar shi ya yi aikin. Ana ƙoƙarin cire tasirin shekaru da makamantansu ta hanyar lissafi, amma ba ya fita tsaf.

Sannan a lura, kashi 19 ɗin nan na kwatance ne. A misali, idan mutum 10 cikin 100 ne za su kamu, sai su koma wajen 8. Ragi ne, amma ba irin wanda kanun labarai ke sa mutum ya zata ba.

Dakta Hadiza:
Malam Bashir ya taɓo inda gizo ke saƙa. Zan ƙara da cewa wani lokaci ciwon ne ke hana ramuwar, ba rashin ramuwar ke kawo ciwon ba. Mai gazawar zuciya da ba a kai ga ganowa ba, da ya kwanta miƙe ruwa ke taruwa a huhunsa, numfashi ya yi masa wuya, sai ya ƙara matashi biyu ko uku, ko ya tashi zaune tsakar dare yana haki. Ruwan da ya taru a ƙafafunsa da rana kuma yana komawa jini in ya kwanta, ƙoda ta tace shi, sai fitsari ya riƙa tashinsa. Irin wannan ko an ba shi Lahadi goma ba zai iya dogon barci ba. A takarda zai fito a matsayin wanda bai rama ba kuma ya kamu, alhali ciwon ya riga ya fara.

Malam Bashir:
Haka ne Dakta. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: a 2024 ɗin dai wata tawaga da Jean-Philippe Chaput na Kanada ya jagoranta ta duba wannan rumbu na UK Biobank, mutum sama da 70,000 masu na'urar, bibiya ta wajen shekara takwas. Ba su ga alaƙa tsakanin ramuwar barci da mutuwa ko kamuwa da ciwon zuciya ba. Rumbu ɗaya, amsa biyu. In haka ta faru, alama ce cewa yadda aka yanka rukunai da abubuwan da aka cire a lissafi suna da hannu sosai a sakamakon.

Dakta Aminu:
Ni fa ina ganin kun matsa wa ramuwar nan da yawa. Ba binciken Landan kaɗai ne ya nuna amfaninta ba. A Suwidin an bi mutum sama da 43,000 tsawon shekara 13. Cikin 'yan ƙasa da shekara 65, masu barcin awa biyar ko ƙasa a kowace rana ta mako sun fi yawan mutuwa. Amma masu gajeren barci a ranakun aiki da ke tsawaita shi a ranakun hutu, ba a ga sun bambanta da masu barcin awa shida zuwa bakwai ba.

Kuma ta fuskar yadda jiki ke aiki abin yana da ma'ana. In mutum ya yi barci mai nauyi, jijiyoyin da ke zaburar da zuciya suna lafawa, bugu ya ragu, awon jini ya sauka da kashi 10 zuwa 20 idan aka kwatanta da na rana. Wannan saukar ita ce hutun jijiyoyin jini. Wanda ya kwana awa biyar ya yanke wa kansa awa biyu ko uku na wannan hutu kowane dare. In ya samu dare biyu ya yi cikakken barci, ai dare biyu ne jijiyoyinsa suka huta. Da babu gara ba daɗi.

Hajiya Rabi:
Dakta Aminu, babu mai musun cewa dare biyu sun fi babu. Abin tambaya shi ne ko sun isa su mayar da jiki yadda yake, kuma wannan an gwada shi kai tsaye a ɗakin bincike, inda ba zato ake yi ba.

A Jami'ar Jihar Pensilbaniya an kwantar da maza 15 lafiyayyu, 'yan shekara 20 zuwa 35, kwana 11. Dare uku na farko an ba su damar barci har awa 10, dare biyar aka tsuke su a awa biyar, sannan dare biyu na ramuwa aka sake ba su awa 10. Ana auna su duk bayan awa biyu da rana. Bugun zuciya ya faro daga 69 a minti, yana ƙaruwa da kusan bugu ɗaya kowace rana, har ya kusa 78 a ƙarshen rana ta biyu ta ramuwa. Lambar sama ta awon jini ta tashi daga 116 zuwa wajen 119.5. Wato an gama ramuwar amma ba su sauko ba. An wallafa wannan a 2023.

Na Jami'ar Kolorado na 2019 ya fi shi ban tsoro. Mutum 36, rukuni uku: masu awa tara, masu awa biyar ba hutu, da masu awa biyar da aka sake su a ƙarshen mako su yi barci iya son ransu sannan aka mayar da su awa biyar. Masu awa biyar ba hutu, yadda jikinsu ke karɓar insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ya ragu da kashi 13. Masu ramuwa kuwa, da suka koma takura, ragin ya kama daga kashi 9 zuwa 27 dangane da sashen jikin da aka auna, har da hanta da tsoka. Ciye-ciyen dare ya lafa a ranakun hutun, ya dawo da aka koma aiki, nauyinsu kuma ya ƙaru. Abin mamakin, duk sakin da aka yi musu, jimillar ƙarin barcin da suka iya yi a ƙarshen makon bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna a kan barcinsu na asali ba.

Dakta Aminu:
Mutum 15 da mutum 36 ne fa, Hajiya, kuma matasa, na kwanaki kaɗan. Awa biyar ɗin ma takura ce mai tsanani. Yawancin masu ƙarancin barci suna wajen awa shida ne. A gwajin da aka yi da awa shida na mako guda sannan aka bar mutane suka rama dare uku, alamar kumburi da ke tashi a jini ta koma daidai, jin barci da rana ma ya tafi. Abin da bai dawo ba shi ne kaifin hankali a gwajin mayar da martani.

Hajiya Rabi:
To ai ka ga kowane sashe da saurin warkewarsa. A daren farko na ramuwa ƙwaƙwalwa tana fara biyan kanta barci mai nauyi, shi ya sa mutum ke tashi Lahadi yana jin garau. Wannan jin daɗin shi ke ruɗar mutane. Awon jini da sukari ba sa aiko da saƙo cewa su ba su gama murmurewa ba.

Sadiya:
Anti Rabi, ni abin da ban gane ba, me ya sa a gwajin Kolorado masu ramuwa ba su fi waɗanda ba su rama ba? Ai ko yaya sun ƙara barci.

Hajiya Rabi:
Tambaya mai kyau ƙanwata. Ba yawan barcin ne ya cuce su ba, lokacinsa ne. Da aka sake su, sai suka riƙa kai dare, suna tashi da hantsi. Agogon jikinsu ya ja baya. Daren Lahadi barci ya ƙi zuwa da wuri, safiyar Litinin kuma aka tashe su a lokacin da jikinsu ke ganin har yanzu dare ne, sinadarin melatonin mai sanar da jiki cewa dare ya yi bai gama sauka ba. Cin abinci a irin wannan lokaci jiki ba ya sarrafa sukarinsa da kyau. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Malam Nasiru:
Wannan batu na agogo yana da ma'auni mai sauƙi, wanda Till Roenneberg na Munik da abokan aikinsa suka fito da shi a 2006. A nemo tsakiyar barci na ranar aiki da na ranar hutu, a ga tazarar da ke tsakaninsu.

Ga misali. Mutum yana kwanciya 12:00 na dare ya tashi 5:30. Awa biyar da rabi, tsakiyarsa 2:45. Ranar hutu ya kwanta 2:00 ya tashi 11:00 na safe. Awa tara, tsakiyarsa 6:30. Tazara awa uku da minti 45. Jikinsa kamar wanda ya yi tafiya zuwa ƙasar da agogonta ya bambanta da kusan awa huɗu ne ranar Juma'a, ya dawo Litinin, kuma kowane mako.

Shi wannan mutumin da zai kwanta 10:30 ya tashi 7:00, ya samu awa takwas da rabi, tsakiyar barcinsa tana nan 2:45 ba ta motsa ba. Ƙarin awa uku cur, agogo bai sani ba. Duka biyun sunansu ramuwa, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma binciken da ya ƙidaya awanni kawai ba zai raba su ba.

Dakta Hadiza:
Madalla da wannan lissafi. Rashin daidaiton kansa an ga alaƙarsa da zuciya. A binciken MESA na Amurka da aka wallafa a 2020, an auna barcin mutum kusan 2,000 na mako guda, aka bi su wajen shekara biyar. Waɗanda tsawon barcinsu ke tangal-tangal da fiye da awa biyu daga dare zuwa dare sun ninka masu daidaitaccen barci haɗarin ciwon zuciya kusan sau biyu. Shi ma bibiya ce ba gwaji ba, Malam Bashir zai iya yi masa irin tankaɗen da ya yi wa na Landan. Amma ya dace da abin da aka gani a ɗakin bincike.

Shi ya sa masanan da gidauniyar barci ta Amurka ta tara a 2023 suka tsaya a tsakiya: daidaita lokacin kwanciya da tashi shi ne gaba, amma in barcin ranakun aiki bai isa ba, ƙarin awa ɗaya zuwa biyu a ranar hutu yana iya amfani. Awa ɗaya zuwa biyu suka ce, ba kwana har azahar ba.

Malam Bashir:
Kuma lissafin bashin ma ba ya fita. Mai bukatar awa bakwai da rabi da ke samun biyar da rabi, bashin awa 10 ke kansa ranar Juma'a. Ko ya ƙara awa biyu-biyu a ranakun hutu, huɗu ya biya, saura shida, Litinin kuma a ɗora sabo. Wani ƙaramin gwaji a Japan a 2016 ma ya nuna bashin awa ɗaya na iya cin kwana huɗu kafin ya biyu. Inda riba take shi ne ranakun aikin: minti 30 a kowane dare biyar awa biyu da rabi ne, ya fi abin da Asabar ɗaya za ta bayar, kuma bai taɓa agogo ba.

Sadiya:
To Dakta, wanda aiki ya riga ya tsuke, ba yadda zai yi ya samu awa bakwai, yaya zai tsara ramuwar?

Dakta Hadiza:
Ya fara daga daren Juma'a, don a nan ake ɓata abin. Mutane suna ganin gobe ba aiki sai su kai ƙarfe biyu suna kallo ko danna waya, su cinye ƙarin tun kafin su same shi. Ya kwanta da wuri da awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kan yadda ya saba. Da bashin da ke kansa barcin zai zo, ba sai an roƙe shi ba. Da safe kada ya wuce lokacin tashinsa na kullum da fiye da awa ɗaya, iyaka biyu. Da ya tashi ya fita ya samu hasken rana na minti 20 zuwa 30, domin hasken safe shi ke janyo agogon jiki gaba, hasken dare kuma ya tura shi baya.

In bai ishe shi ba, ya ƙara da barcin rana tsakanin ƙarfe ɗaya da uku. Ko dai minti 20, ko kuma ya ba shi wajen minti 90 ya zagaya cikakke. Tsakanin nan, kamar minti 45 zuwa 60, shi ne ake tashi daga tsakiyar barci mai nauyi, kai ya yi dum, mutum ya kai rabin awa bai dawo daidai ba. Ranar Lahadi gajeren kawai, kuma kada ya wuce ƙarfe uku, in ba haka ba ya ci daga barcin dare.

Kofi da duk abin sha mai sinadarin kafeyin a tsayar da su aƙalla awa shida kafin kwanciya. Rabin abin da aka sha yana nan a jini bayan wajen awa biyar. An gwada miligiram 400 na kafeyin awa shida kafin kwanciya, ya rage barci da fiye da awa ɗaya, kuma masu shan ba su ma lura ba. Barasa kuwa tana kawo barci da wuri ta farfasa rabinsa na biyu, sannan tana daga cikin abubuwan da ke tayar da rikicewar bugun zuciya.

Dakta Aminu:
A ƙara da masu shan magani. Dogon barcin safe yana tura maganin ƙarfe bakwai zuwa sha ɗaya, wani lokaci a manta shi gaba ɗaya. Mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari in ya jinkirta shi zuwa yamma, shi zai riƙa tashinsa da dare. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke iya faɗar da sukari, tsallake karin safe saboda barci ba abin wasa ba ne. Ya tashi a kan lokaci ya ci, ya sha maganinsa, in ya so ya rama da rana.

Hajiya Rabi:
Akwai kuma rukunin da ramuwa ba za ta taɓa yi musu komai ba, su ne masu ɗaukewar numfashi a barci. Maƙogwaro ne ke rufewa, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, iskar jini ta faɗi, jiki ya firgita ya buɗe hanya da wani irin gurnani, awon jini ya yi tsalle, sannan a sake. Sau 5 zuwa 14 a awa ana kiransa mai sauƙi, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Mai sau 30 a awa in ya kwanta awa 10 ranar Asabar, firgita 300 ya tara wa zuciyarsa, ya kuma tashi a gajiye.

Alamomin: minshari mai ƙarfi da ake ji daga wani ɗaki, abokin kwana ya ga numfashin na tsayawa, tashi da ciwon kai ko bushewar baki, gyangyaɗi a zaune ko a tuƙi, kaurin wuya sama da santimita 40, da hawan jinin da ya ƙi sauka duk da magani iri uku. Wanda ya kwana awa tara ko goma a ranar hutu ya tashi kamar bai runtsa ba, gwajin barci yake bukata, ba ƙarin awanni ba. Wannan ma na daga cikin dalilan da ake ganin masu barcin awa tara zuwa sama kullum sun fi yawan ciwon zuciya: sau da yawa wata cuta ce ke kwantar da su.

Malam Nasiru:
Masu aikin dare fa? Su ƙarshen makonsu yana iya faɗowa ranar Laraba.

Dakta Hadiza:
Nasu ya fi wuya, domin agogon ya riga ya saɓa da aikin. Tattara bincike da aka yi a 2012 ya nuna masu aikin karɓa-karɓa sun fi sauran ma'aikata haɗarin toshewar jijiyar zuciya farat ɗaya da wajen kashi 23. Bayan daren ƙarshe na aiki, kada a kwana yini guda. A yi awa uku zuwa huɗu da safe, a tashi wajen tsakar rana a shiga haske, sannan a kwanta da wuri da dare. A ranakun aikin kuwa ɗaki ya yi duhu sosai, da labule mai kauri ko abin rufe ido, a kashe ƙarar waya, kuma a kiyayi tuƙi in ido ya fara nauyi a hanyar komawa gida.

Sadiya:
Akwai yadda mutum zai gane da kansa ko tsarin barcinsa na taɓa awon jininsa?

Dakta Aminu:
Akwai, in yana da na'urar awo ta damtse, ba ta wuyan hannu ba. Kwana bakwai a jere, safe da yamma. Da safe bayan ya yi fitsari, kafin magani da kofi. Ya zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, damtse a kan tebur daidai da ƙirji, ba magana. Awo biyu, tazarar minti ɗaya. Ya watsar da na ranar farko, ya fitar da matsakaicin sauran. A gida, 135 bisa 85 zuwa sama hawan jini ne, sai a kai wa likita. A gefen kowane awo ya rubuta lokacin da ya kwanta da lokacin da ya tashi. In ya gyara barcin ya riƙe shi mako huɗu, ya maimaita awon kwana bakwai ɗin ya kwatanta.

Malam Bashir:
Sai dai kada ya kwatanta awon Juma'a ɗaya da na Litinin ɗaya ya ce ya gano wani abu. Bambancin da barci ke kawowa a 'yan kwanaki maki uku ne ko huɗu, kamar yadda Hajiya ta kawo, alhali awo biyu da aka yi a zama ɗaya ma suna iya bambanta da fiye da haka. Matsakaicin mako da matsakaicin mako ake haɗawa, da na'ura ɗaya, a hannu ɗaya.